Olof Palme da siyasar Suwidin: tambayoyi da amsoshi

Olof Palme ya riƙe kujerar firaministan Suwidin sau biyu: daga Oktoba 1969 zuwa 1976, sannan daga Oktoba 1982 har daren da aka harbe shi a wani titin Stockholm, ranar 28 ga Fabrairu 1986. A ƙasashen waje an fi saninsa da kaifin harshe a kan yaƙin Biyetnam da wariyar launin fata. A gida kuwa, aikinsa na kullum shi ne lissafin kujerun majalisa da lallashin ƙungiyoyin ƙwadago, domin in ban da shekararsa ta farko, bai taɓa mulki da rinjayen jam'iyyarsa ita kaɗai ba.

Daga wane gida ya fito, kuma me ya kai ɗan masu hali jam'iyyar ma'aikata?

An haife shi ranar 30 ga Janairu 1927 a Östermalm, unguwar attajiran Stockholm. Mahaifinsa babba ne a wani kamfanin inshora, ya kuma rasu Olof yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa daga zuriyar Jamusawan Latviya take. Gida ne na masu ra'ayin riƙau, ba inda za a yi tsammanin shugaban 'yan ƙwadago ya fito ba.

Tsakanin 1947 da 1948 ya yi karatu a kwalejin Kenyon da ke jihar Ohio a Amurka, da ya gama kuma ya zagaya ƙasar yana tsayar da motoci ana rage masa hanya. Can ya ga talauci a tsakiyar arziki, ya ga yadda ake ware baƙar fata a jihohin kudu. Ya dawo ya karanta shari'a a Stockholm, ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban ƙasar a 1952, sannan a 1953 ya yi doguwar tafiya a ƙasashen Asiya waɗanda a lokacin suke fita daga mulkin mallaka. Wannan asali bai taɓa rabuwa da shi ba: masu kuɗi na yi masa kallon ɗan gida da ya juya musu baya, wasu tsofaffin 'yan ƙwadago kuma sun daɗe kafin su saki jiki da shi.

Waɗanne matakai ya taka kafin ya zama firaminista?

Ƙofarsa ita ce Tage Erlander, firaministan da ya yi shekara 23 a kan mulki, daga 1946 zuwa 1969. A 1953 Erlander ya ɗauke shi sakatare. Ofishin firaminista a lokacin ɗan ƙarami ne ƙwarai, don haka mai rubuta jawabai shi ne kuma mai ba da shawara, shi ne abokin muhawara. A 1958 ya shiga majalisar dokoki, wadda suke kira Riksdag, yana wakiltar yankin Jönköping. A 1963 ya zama minista marar ma'aikata, a 1965 ministan sufuri da sadarwa. A hannunsa aka yi canjin hannu na ranar 3 ga Satumba 1967, lokacin da motocin Suwidin suka koma bin hannun dama. A wannan shekarar ya koma ma'aikatar ilimi, inda ya yi fama da boren ɗaliban 1968. Da suka mamaye ginin ƙungiyarsu a Stockholm a watan Mayu, shi da kansa ya shiga ya yi muhawara da su.

Da Erlander ya sauka, babban taron jam'iyyar SAP, wato jam'iyyar ma'aikata mai bin dimokuraɗiyyar walwalar jama'a, ya zaɓe shi shugaba a farkon Oktoba 1969. Ranar 14 ga watan ya zama firaminista yana da shekara 42. Ya gaji jam'iyyar da ta ci kashi 50.1 cikin 100 a zaɓen 1968, adadin da shi bai taɓa kaiwa ba a zaɓe shida da ya jagoranta.

Yaya ake naɗa firaminista a Suwidin? Jama'a ne ke zaɓensa kai tsaye?

A'a. Jama'a jam'iyya suke zaɓa, ana kuma raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, muddin ta kai kashi 4 cikin 100 a faɗin ƙasa. Lokacin da Palme ya fara hawa, a takarda sarki ne ke naɗa firaminista. Gwamnatinsa ce ta canza wannan. A 1971 jam'iyyu suka daidaita a garin Torekov cewa za a bar sarauta amma a raba ta da iko, sabon tsarin mulkin kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1975.

Daga nan abin ya zama haka: kakakin majalisa ya tuntuɓi shugabannin jam'iyyu, ya gabatar da suna guda, a kaɗa ƙuri'a. Wanda aka gabatar ba ya bukatar rinjaye ya ce "i". Abin da yake bukata kawai shi ne kada mutum 175 cikin 349 su ce "a'a". Wanda ya ƙaurace wa ƙuri'a ya taimake shi ke nan. Idan aka ƙi sunaye har sau huɗu, sai a koma sabon zaɓe. Wannan ƙa'ida ce ta sa gwamnatin marasa rinjaye ta zama ruwan dare a ƙasar.

To ta yaya ya yi mulki ba tare da rinjaye ba?

Daga zaɓen 1970 aka koma majalisa mai zaure ɗaya, kujeru 350. SAP ta samu 163, jam'iyyar kwaminisanci ta VPK ta samu 17. Palme bai ba 'yan kwaminisancin ko minista ɗaya ba, bai ma bukaci hakan ba, don ya san ba za su haɗa kai da 'yan dama, wato jam'iyyun hamayya da ba na gurguzu ba, su kayar da gwamnatin ma'aikata ba.

Zaɓen 1973 ne ya fito da kuskuren da ke cikin adadin 350. SAP ta samu 156, VPK 19, jimla 175. Jam'iyyun hamayya uku su ma 175 cif. Doka ta ce idan ƙuri'a ta yi kunnen doki a yi canki-canka, a zaro takardar "i" ko "a'a" daga tulu. An kuwa yi hakan a kan ƙananan batutuwa da dama. Amma ba mai hankalin da zai bar haraji ko kasafin kuɗi a hannun sa'a, shi ya sa Palme ya zauna da jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi a fadar Haga a 1974, ya ƙara da jam'iyyar Centre a 1975, suka ƙulla yarjejeniya kan haraji da tattalin arziki. Abin lura shi ne, yawancin manyan dokokinsa a wannan majalisar ta kunnen doki suka wuce. Daga 1976 aka rage kujeru zuwa 349.

Akwai wani ƙarfin da ba a gani a zauren majalisa: babbar ƙungiyar ƙwadago ta LO. A wancan zamanin rassan ƙungiyoyin ma'aikata kan shigar da mambobinsu jam'iyya a dunƙule, abin da ya sa SAP ke da mambobi sama da miliyan guda a ƙasar da ba ta wuce mutum miliyan takwas da 'yan kai ba. Kuɗin yaƙin zaɓe da masu bi gida-gida daga nan suke fitowa. Ranar da LO ta ƙi sauraron jam'iyya, firaminista ne ke shiga uku.

Waɗanne dokoki ne za a ce aikin gwamnatinsa ne?

Wata biyu da hawansa, a Disamba 1969, dubban masu haƙar tama na kamfanin gwamnati LKAB a Kiruna da Malmberget suka shiga yajin aiki ba da izinin uwar ƙungiyarsu ba. Ƙorafinsu bai tsaya kan albashi ba, ya haɗa da yadda ake juya su a wurin aiki. Wannan ya girgiza jam'iyyar, daga nan kuma dokokin ƙwadago suka biyo baya. A 1973 makon aiki ya koma awa 40, ma'aikata kuma suka fara samun kujera a hukumar gudanarwar manyan kamfanoni. Dokar LAS ta 1974 ta hana korar ma'aikaci ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ta kuma ce idan za a rage ma'aikata, wanda ya shigo a ƙarshe shi ke fara fita. Dokar MBL ta 1976 ta tilasta wa mai kamfani ya zauna da ƙungiyar ƙwadago kafin ya yi wani babban sauyi. Raunin wannan doka a fili yake: zama dole ne, amma hukuncin ƙarshe na mai kamfani ne.

Ɓangaren iyali shi ya fi canza rayuwar yau da kullum. Kafin 1971 ana haɗa kuɗin shigar miji da mata a caje su haraji tare, don haka albashin matar kan faɗa a matakin haraji mafi tsada, fitarta aiki ba ta da wata riba. Da aka raba harajin, lissafin ya juya, mata suka kwarara kasuwar aiki. A 1974 aka maye hutun haihuwa na uwa da inshorar iyaye: wata shida, ana biyan kashi 90 cikin 100 na albashi, uwa da uba su raba yadda suka so. A shekarar farko abin da iyaye maza suka ɗauka bai kai kashi 1 cikin 100 na ranakun ba, sai a 1995 aka ware wata guda da uba kaɗai zai iya ɗauka. An kuma faɗaɗa gidajen renon yara, aka shigar da kula da haƙori cikin inshora a 1974, aka halatta zubar da ciki bisa buƙatar mace har mako 18 daga 1975, aka rage shekarun fansho daga 67 zuwa 65 a 1976. Duk wannan da haraji aka biya shi, harajin kuma ya yi tashin da ya zama makamin 'yan hamayya.

Mene ne asusun ma'aikata da aka yi ta rikici a kansa?

Tushen maganar tsarin albashin LO ne: aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya, ko kamfanin yana cin riba ko ba ya ci. Kamfani mai rauni ya mutu, ma'aikatansa su koma wani wuri da taimakon gwamnati. Matsalar ita ce ma'aikatan kamfanoni masu ƙarfi suna karɓar ƙasa da abin da kamfanin zai iya biya, rarar kuma tana tafiya aljihun masu hannun jari.

Masanin tattalin arzikin LO, Rudolf Meidner, ya kawo mafita a 1975: kowane babban kamfani ya riƙa fitar da sababbin hannayen jari daidai da kashi 20 cikin 100 na ribarsa kowace shekara, a zuba su a asusun da ƙungiyoyin ƙwadago ke riƙe da shi. Kuɗin ba ya fita daga kamfani, mallaka ce ke sauyawa a hankali, har wata rana asusun ya zama mai rinjaye. Taron LO na 1976 ya amince da shi ana saura 'yan watanni zaɓe. Palme bai ƙaunaci shirin ba, amma ba shi da halin fatali da shi a bainar jama'a, don haka ya yi ta kewaye-kewaye, 'yan hamayya kuwa suna cewa ga gurguzu nan tafe.

Abin da aka zartar a Disamba 1983 inuwar shirin farko ce kawai: asusu biyar, ana ba su kuɗi daga wani harajin riba da ɗan kaso na albashi, su sayi hannun jari a kasuwa kamar kowa, kuma kowane asusu kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un kamfani. Duk da haka, ranar 4 ga Oktoba 1983 mutane wajen 75,000, yawancinsu 'yan kasuwa da masu kamfanoni, suka yi zanga-zanga a Stockholm. Gwamnatin 'yan dama ta Carl Bildt ta rushe asusun bayan zaɓen 1991. A ganinmu babu batun da ya ci wa jam'iyyar tsada irin wannan, domin ta sha duka a kansa shekara da shekaru, abin da ta samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Me ya kayar da shi a 1976?

Abubuwa ne suka taru. Thorbjörn Fälldin na jam'iyyar Centre, manomi mai kiwon tumaki, ya mai da makamashin nukiliya babban batun zaɓe, ya janye matasa masu kishin muhalli, alhali Palme na goyon bayan gina tashoshin. Ga maganar asusu. Ga haraji: a Maris 1976 marubuciya Astrid Lindgren, wadda ta daɗe tana zaɓen SAP, ta bayyana a jarida cewa harajin da ake nema a kan ƙarin kuɗin shigarta ya kai kashi 102 cikin 100, ministan kuɗi Gunnar Sträng kuma ya amsa mata da izgili. Tun 1973 ma amana ta ɗan tsage, lokacin da 'yan jarida Peter Bratt da Jan Guillou suka tona asirin IB, wata hukumar leƙen asiri ta ɓoye mai alaƙa da jam'iyyar da ke tattara sunayen 'yan kwaminisanci. 'Yan jaridar aka ɗaure. SAP ta samu kashi 42.7, ta sauka daga mulki bayan shekara 44.

Me ya yi a shekara shida na hamayya?

Ya sake faɗuwa a 1979 da tazarar kujera ɗaya, 175 da 174. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a Maris 1979, ya canza matsayi ya yarda a yi ƙuri'ar raba gardama kan makamashin nukiliya. An yi ta a Maris 1980, zaɓin da SAP ta mara wa baya, na rufe tashoshin sannu a hankali, ya zo na ɗaya da kashi 39.1. Dabara ce ta cire ƙaya daga ƙafar jam'iyya, ta kuma yi aiki.

A waje, Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi mai shiga tsakani a yaƙin Iran da Iraƙi a Nuwamba 1980. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin Tehran da Bagadaza, bai yi nasara ba. Ya kuma jagoranci wani kwamiti mai zaman kansa kan rage makamai, wanda ya fitar da rahotonsa a 1982 da hujjar cewa a zamanin nukiliya ba ƙasar da za ta samu tsaro sai tare da abokiyar gabarta. Cikin mambobin akwai Cyrus Vance na Amurka, Georgi Arbatov na Tarayyar Sobiyet, Salim Ahmed Salim na Tanzaniya, da Janar Olusegun Obasanjo na Nijeriya.

Da ya dawo a 1982, wane tsarin tattalin arziki ya bi?

SAP ta ci kashi 45.6 da kujeru 166, fiye da na jam'iyyun dama uku a haɗe. A ranar farko ta gwamnati, 8 ga Oktoba, aka karya darajar kurona, kuɗin Suwidin, da kashi 16 cikin 100. Lissafin ministan kuɗi Kjell-Olof Feldt shi ne: kayan Suwidin su yi araha a waje, kamfanoni su ci riba su zuba jari, a toshe giɓin kasafin kuɗi ba tare da korar ma'aikata ba. Sharaɗin shi ne ƙungiyoyin ƙwadago su haƙura da ƙarin albashi. Shekarun farko abin ya yi kyau: fitar da kaya ya ƙaru, rashin aikin yi ya tsaya wajen kashi 3. Amma ma'aikaci ba zai zuba ido yana ganin riba na hauhawa ya yi shiru ba. Albashi da farashi suka tashi fiye da na ƙasashen da ake gogayya da su, amfanin karya darajar kuɗin ya narke.

Kuskure mafi girma ya zo a Nuwamba 1985, lokacin da aka cire wa bankuna iyakar bashin da za su bayar, alhali dokar haraji na barin mai bashi ya cire kuɗin ruwa daga abin da za a caje shi. Bashi ya zama kusan kyauta, farashin gidaje ya yi sama, kumfar ta fashe a farkon shekarun 1990. Palme bai rayu ya ga wannan ba.

Me ya haɗa shi da Amurka, kuma da gaske Suwidin 'yar ba-ruwanmu ce?

A Fabrairu 1968, yana ministan ilimi, ya yi tattaki a Stockholm kafaɗa da kafaɗa da jakadan Biyetnam ta Arewa a Mosko. Amurka ta kira jakadanta gida. Ranar 23 ga Disamba 1972 kuma ya jera ruwan bama-baman da Amurka ke yi wa Hanoi, babban birnin Biyetnam ta Arewa, tare da kisan kiyashin da aka yi a Guernica, Babi Yar, Katyn, Sharpeville da Treblinka. Gwamnatin Nixon ta ƙi karɓar sabon jakadan Suwidin, ba a koma musayar jakadu ba sai 1974. Bai kuma ƙyale ɗaya ɓangaren ba: ya yi tir da mamayar Chekoslovakiya a 1968 da ta Afganistan a 1979, ya caccaki gwamnatin Franco ta Sifaniya a 1975. Masu sukarsa na nuna ziyararsa ta Kyuba a 1975 a matsayin shaidar cewa ma'auninsa ba ɗaya ba ne, kuma suna da ƙafar tsayawa.

A ƙarƙashin ƙasa labarin daban ne. Wani kwamitin gwamnati ya tabbatar a 1994 cewa tun shekarun 1950 sojojin Suwidin suna da shirye-shiryen ɓoye na karɓar taimakon ƙasashen NATO idan Sobiyet ta kawo hari. Musayar bayanan asiri da cinikin fasahar soja da Amurka ba su tsaya ba ko a lokacin da jakadu ba sa nan. Suwidin ta shiga NATO a hukumance a Maris 2024.

Wace rawa ya taka a Afirka da batun Falasɗinu?

A 1969 majalisa ta amince a riƙa ba ƙungiyoyin neman 'yanci na Afirka taimakon jinƙai kai tsaye. PAIGC ta Gini Bisau ce ta fara samu, sannan FRELIMO, MPLA, SWAPO, ZANU, ZAPU da ANC. Ba makamai ake ba su ba: abinci ne, magani, motoci, makarantu a sansanonin gudun hijira, da kuɗin tafiyar da ofis. Wannan a lokacin da manyan ƙasashen yamma ke kiran waɗannan ƙungiyoyi 'yan ta'adda. A zamaninsa ne, a tsakiyar shekarun 1970, Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta cika alkawarin ba da kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarta agaji. Ranar 21 ga Fabrairu 1986, mako guda kafin mutuwarsa, ya yi jawabi a wani babban taron yaƙi da wariya a Stockholm tare da amininsa Oliver Tambo, shugaban ANC ta Afirka ta Kudu. Da aka saki Nelson Mandela a 1990, Suwidin ce ƙasa ta farko da ya ziyarta a wajen Afirka. Akwai tituna masu sunan Palme a Maputo da Windhoek.

Ya gana da Yasser Arafat a Aljiyas a 1974, ya kuma karɓe shi a Stockholm a 1983, lokacin da shugabannin Turai kaɗan ne ke yarda a gan su tare da shi.

Yaya aka kashe shi, kuma me ya sa binciken ya lalace?

Ranar Juma'a ce. Ya sallami masu tsaronsa tun da rana, da dare shi da matarsa Lisbet suka tafi sinima. Suna dawowa a ƙafa a titin Sveavägen, da ƙarfe 11:21 wani ya harbe shi a baya da bindiga mai harsashin .357, harbi na biyu ya goge matar. Maharbin ya bi wani lungu ya hau matakala ya ɓace. Mataimakinsa Ingvar Carlsson ya gaje shi.

An fara kuskure tun daren. Wurin da aka killace ya yi ƙanƙanta, masu jimami suka tattake shi, harsasan biyu ma masu wucewa ne suka tsince su daga baya. An ɗauki fiye da awa biyu kafin a sanar da 'yan sandan ƙasa baki ɗaya. Shugaban 'yan sandan Stockholm, Hans Holmér, ya kafe a kan ƙungiyar Kurdawa ta PKK kusan shekara guda. Kamen da ya yi a Janairu 1987 bai haifar da komai ba, ya bar aikin. A 1988 ministar shari'a ta sauka saboda ta mara wa wani bincike na bayan fage baya. A Yuli 1989 kotu ta samu wani mutum mai suna Christer Pettersson da laifi bisa shaidar Lisbet, amma kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a wannan shekarar: ba bindiga, ba dalili, kuma an riga an shaida wa matar cewa wanda ake zargi mashayi ne kafin a nuna mata jerin mutanen. A 1996 tsohon jami'in 'yan sandan wariya Eugene de Kock ya ce hukumomin asirin Afirka ta Kudu na da hannu, ba a kuma tabbatar ba.

Ranar 10 ga Yuni 2020 mai gabatar da ƙara Krister Petersson ya ambaci Stig Engström, ma'aikacin kamfanin inshora na Skandia wanda ofishinsa ke daf da wurin, a matsayin wanda ake zargi, ya rufe binciken saboda mutumin ya mutu tun 2000. Hujjarsa ita ce bayanan da Engström ya bayar game da abin da ya yi a daren ba su dace da na sauran shaidu ba. Babu shaidar da ta haɗa shi da bindiga, bindigar ma ba a taɓa samunta ba, duk da gwajin da aka yi wa guda 788. Mutum 134 ne suka ce su suka yi kisan a tsawon shekarun, kuma ba wanda hukunci ya tabbata a kansa.